Tsofaffin kuɗin Turawa a adakar kakanni: Yadda ake gane su da sanin darajarsu

A gidaje da dama, idan aka zo rabon gado aka buɗe adakar tsohuwa, akan ci karo da wasu kuɗin ƙarfe ƙulle a tsumma, sun yi baƙi, hoton jikinsu ya kusa shafewa. Wani cikin magada zai ce tarkace ne, wani kuma ya rantse an tsinci miliyoyi. Sau da yawa duk su biyun sun yi kuskure.

Babbar cikinsu da aka fi sani ita ce dalar Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wadda fataken Sahara suka shigo da ita ƙasar Hausa tun kafin mulkin mallaka. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin guda ɗaya a kan wuri 2,500. Daga baya mata suka mayar da ita abin wuya, maƙeran fari kuma suna narkar da ita su yi zobba da awarwaro.

Shekarar 1780 mai ruɗin mutane

Kusan duk wadda za ka gani tana ɗauke da shekarar 1780, wato shekarar da sarauniyar ta rasu. Dalili kuwa, 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar a Biyana, daga baya har a Landan da Faris da Rum da Bombay. An buga ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau Ostiriya na bugawa. Don haka ganin 1780 ba ya nufin kuɗin ya shekara fiye da 240.

Ko ta goge, ana gane ta da hoton mace mai lulluɓi da ke kallon dama, da mikiya mai kai biyu a bayanta, da rubutu a zagayen gefenta. Sabuwarta na da nauyin giram 28, kuma kusan giram 23.4 zallar azurfa ce. Fataken da can kan duba 'yan ƙwayoyin adon da ke kafaɗar sarauniyar, idan sun shafe su rage mata farashi.

Na Faransa da na Ingila

A Nijar an fi cin karo da babbar faran biyar ta Faransa ta ƙarni na 19, mai nauyin giram 25, wadda kashi 90 cikin 100 nata azurfa ne. Har gobe a can faran biyar ake kira dala.

Su kuwa sule da sisi da fataka na Ingila, shekara ce ke raba su. Waɗanda aka buga kafin 1920 azurfarsu ta kai kashi 92.5 cikin 100, daga 1920 zuwa 1946 ta koma rabi, daga 1947 kuma babu azurfa ko kaɗan.

Idan shekarar ta goge, sai a duba kan sarki. Mace mai kallon hagu Biktoriya ce, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Mai sanƙo da gemu da ke kallon dama Edward na Bakwai ne, 1901 zuwa 1910. Kuɗin waɗannan biyu duk na azurfa mai kyau ne. Mai gemu da ke kallon hagu George na Biyar ne, shi kam sai an ga shekara, domin a zamaninsa aka rage azurfar.

Me ke sa kuɗi ya yi tsada?

Masu tara tsofaffin kuɗi abu biyu suke saye: ƙarancin samu da kyawun jiki. Kwabon Ingila na 1933 ya yi suna saboda waɗanda aka sani ba su kai goma ba, shi ya sa 'yan damfara ke sassaƙa lambar wata shekarar ta koma 1933. Amma kuɗin da aka buga da yawa, ya goge, aka huda shi ko aka liƙa masa marataya, darajarsa ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsa.

Lissafin ba shi da wuya: a auna a ma'aunin masu sayar da zinare, a fitar da kason azurfa, a ninka da farashin giram na ranar. Gogewa kan rage nauyi kaɗan, amma dalar da ta gaza da giram uku abar zargi ce. A kuma gwada da maganaɗisu: idan ya kama, jabu ce. Rashin kamawa dai ba hujja ba ce, domin tagulla ma ba ta kamawa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne wanke kuɗin da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Wannan na karce fuskarsa, kuma masu saye sun fi son sa da baƙinsa. Kafin a sayar, a ɗauki hoton gaba da baya da gefe, a ji farashi daga mutum biyu ko uku. Wanda ya ce a kawo kuɗin gwaji ko na rajista kafin ya haɗa ka da mai saye daga Turai, a yi nesa da shi.