Rage ƙiba ta hanyar abinci da motsa jiki: abin da ya kamata a sani

A wurare da dama har yanzu ana kallon ƙiba a matsayin alamar wadata da kwanciyar hankali, har akan yi wa mai teɓa barka da samun hutu. Sai dai alƙaluman lafiya suna nuna cewa nauyin da ya wuce ƙima yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, ciwon sukari, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon gwiwa da wasu nau'o'in cutar daji.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba. Manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya zarce ƙima a wannan shekara, kuma miliyan 890 daga cikinsu sun kai matakin matsananciyar ƙiba. Adadin manya masu wannan matsala ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990.

Najeriya ma ba ta tsira ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da nauyin da ya wuce ƙima, kuma matsalar ta fi yawa a birane.

Yadda ake gane nauyi ya yi yawa

Ma'aikatan lafiya suna amfani da wani ma'auni da ake kira BMI. Ana auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, a ninka tsawon da kansa, sannan a raba nauyin da abin da aka samu. Mutum mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90, alal misali, zai raba 90 da 2.89, ya samu 31 da ɗoriya. Ga manya, sakamako daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuwa matsananciyar ƙiba ce.

Wannan ma'auni bai bambance kitse da tsoka ba, don haka ake haɗa shi da awon ƙugu. Kitsen da ya taru a ciki, ya kewaye hanta da hanji, ya fi wanda ke cinya ko kwatangwalo haɗari. Haɗarin yana ƙaruwa idan ƙugun namiji ya wuce santimita 94, na mace kuma santimita 80, sannan yana tsananta daga santimita 102 ga namiji da 88 ga mace.

Daga ina kitse yake zuwa?

Jiki yana samun kuzari daga abinci, kuma ana auna wannan kuzari da kalori. Yana ƙona mafi yawansa wajen numfashi, bugun zuciya, aikin ƙwaƙwalwa da ɗumama jiki, ko da mutum yana kwance, sauran kuma ya tafi wajen narkar da abinci da zirga-zirga. Abin da ya yi saura ana adana shi a matsayin kitse. Idan abin da mutum yake ci ya gaza abin da jiki yake ƙonawa, sai jikin ya koma ga wannan ajiya ya riƙa ɗiba, a nan ne nauyi yake fara sauka.

Abinci bai zama ɗaya ba wajen yawan kalori. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci, sukari ko furotin yana da 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan kalori 120. Wannan ne ya sa soyayyen abinci, kamar ƙosai, doya, dankali da cincin, yake ƙara nauyi fiye da irinsa da aka dafa ko aka gasa. Wake ɗaya ne ake yin ƙosai da alala da shi, amma ƙosai yana fitowa daga kasko shaƙe da mai.

Gyaran da ya fi tasiri a abinci

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne abin sha. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowace mililita 100, wato robar rabin lita tana da kusan giram 50, daidai da ƙananan cokula 12. Wannan adadi shi ne iyakar da WHO ta ba da shawara ga babban mutum a yini guda, ta kuma ce rage shi zuwa giram 25 ya fi amfani. Sukarin da ake zubawa a shayi, koko, kunu, zoɓo da fura duk yana cikin lissafin, haka ma madarar gwangwani mai zaƙi. Matsalar abin sha mai zaƙi ita ce ba ya ƙosarwa, mutum zai sha sannan ya ci abincinsa kamar yadda ya saba. Don rage shan irin waɗannan kayayyaki ne Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari a Najeriya.

Na biyu shi ne yawan abin da ake zubawa a kwano. Ba sai an daina cin tuwo, shinkafa ko taliya ba. Abin da masana abinci suke ba da shawara shi ne ganyaye da kayan lambu su cike rabin faranti, kashi ɗaya bisa huɗu ya zama wake, kifi, ƙwai ko nama marar kitse, ragowar kuma hatsi. Mai cin malmala uku zai iya komawa biyu, ya ƙara miyar ganye. Zogale, alayyafo, rama, yakuwa, kuɓewa, kabewa da kabeji suna cika ciki ba tare da kalori mai yawa ba. WHO ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, da gishirin da bai kai giram 5 ba, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Hatsin da ba a cire masa dusa gaba ɗaya ba, kamar gero, dawa da acca, yana daɗewa a ciki fiye da farin burodi da farar fulawa. Wake da sauran abinci masu gina jiki su ma suna jinkirta dawowar yunwa.

Rawar da motsa jiki yake takawa

WHO ta shawarci manya da su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya magana, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. Tafiyar minti 30 a kwana biyar ta cika mafi ƙarancin adadin. Noma, ɗiban ruwa, daka, shara da hawa bene duk motsa jiki ne, kuma macen da ba ta cika fita ba za ta iya zagaya tsakar gida.

Sai dai motsa jiki shi kaɗai ba ya saurin rage nauyi. Tafiyar rabin awa da sauri tana ƙona kusan kalori 150 ga mai matsakaicin jiki, alhali robar lemo ɗaya tana iya mayar masa da 200. Amfanin motsa jiki ya fi bayyana wajen kare tsoka yayin da kitse yake raguwa, saukar da hawan jini da sukari, da hana nauyin dawowa. Gumi kuwa ruwa ne, yana komawa da zarar an sha ruwa, kuma atisayen ciki ba ya narkar da teɓa shi kaɗai, domin jiki yana ɗibar kitse daga ko'ina.

Nawa ya kamata a rage?

Hukumomin lafiya suna ba da shawarar rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya kyautata hawan jini da sukari, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara ga mai kilo 90.

Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka wallafa a 2002, ya tabbatar da haka. Waɗanda aka ɗora kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun samu raguwar kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100, yayin da masu shan maganin metformin suka samu kashi 31.

Bayan 'yan watanni nauyi yakan tsaya cak. Dalili shi ne ƙaramin jiki yana ƙona ƙasa da abin da babba yake ƙonawa, yunwa kuma tana ƙaruwa. A wannan gaɓa ce mutane da yawa suke karaya. Tsarin horon yunwa mai tsanani ba ya ɗorewa, kuma yakan cinye tsoka tare da kitse. Ƙarancin barci ma yana ƙara kwaɗayin abinci, shi ya sa ake son babba ya samu awa bakwai ko fiye.

Hattara da magungunan kasuwa

Shayi da ƙwayoyin rage teɓa da ake tallatawa a kasuwanni da kafafen sada zumunta, da yawansu masu sa zawo ne ko yawan fitsari, ruwa suke fitarwa, kitsen yana nan. An kuma sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe daban-daban, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Duk abin da ba shi da rajistar hukumar NAFDAC abin gudu ne. Akwai magungunan ƙiba na asibiti, amma likita ne kaɗai yake rubuta su bayan gwaji.

Masu ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, masu ciwon zuciya ko ƙoda, masu juna biyu da masu shayarwa suna buƙatar shawarar likita kafin su sauya abinci ko su fara atisaye mai nauyi. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, ya hanzarta zuwa asibiti, domin hakan yana iya zama alamar tarin fuka, ciwon sukari ko wata cuta da ke buƙatar magani da wuri.