Uwargida, Wayoyi Nawa Ke Shan Datarki?

Kafin ki kai wayar ɗanki wurin mai gyara don ta ƙi hawa waifai ɗin gida, ki fara ƙirga waɗanda suka riga ta hawa. 'Yar na'urar MiFi da hotsfot ɗin wayar Android yawanci na'ura 10 suke ɗauka a lokaci guda, ta 11 sai dai ta jira wani ya sauka.

Kuma ba wayoyi kaɗai ake ƙirgawa ba. Talabijin mai intanet, kwamfutar maigida, har tsohuwar wayar da yara ke kallon katun, kowacce da gurbinta muddin tana kunne. Maƙwabciyar da kika ba lambar sirri ranar suna ma, da ta matso jikin katanga wayarta za ta hau da kanta, ba sallama. Tun kafin a cika goman, ƙarfin intanet ɗin rabawa ake yi, shi ya sa darasin 'yarki ke ta yankewa.

Ki shiga saitin hotsfot, ki duba jerin waɗanda ke kai, ki canja lambar sirri. Wasu wayoyin suna ba da damar rage adadin zuwa 3 ko 4. Ranar duba sakamakon WAEC kuwa, kowa ya sauka tukuna.