Kula da man injin jirgin sama a lokacin kashe inji

Kula da man injin jirgin sama a lokacin kashe inji wasu matakai ne da matuƙa da injiniyoyi ke bi domin kare boris, giya da bututun mai daga lalacewa, tun daga lokacin da aka datse wa inji kananzir har zuwa lokacin da ya huce ko aka sake tayar da shi. Man da ake nufi a nan shi ne wanda ke sa ƙarafa su yi santsi, ba kananzir ɗin da injin ke ƙonawa ba. Dalilin ware wa wannan lokaci ƙa'idoji na musamman shi ne, famfunan da ke zagaya da mai a injin jet da ƙarfin injin kansa suke juyawa. Da zarar ya tsaya su ma sun tsaya, alhali ƙarafan cikinsa suna nan da zafinsu.

Yadda mai ke zagayawa a cikin inji

Injin jet yana da sanduna biyu ko uku a tsakiyarsa, ɗaya cikin ɗaya, waɗanda ke ɗauke da farfelu. Na gaba suna matse iska, na baya kuma iskar da ta ƙone ce ke juya su. Sandunan suna zaune ne a kan boris, kuma gudunsu yana da yawa. A injin CFM56 da ke kan jiragen Boeing 737 da Airbus A320 da dama, sandar da ta fi sauri tana juyawa sama da sau 14,000 a minti ɗaya.

Ana ajiye man a tanki na daban. Wani famfo yana jawo shi, ya bi ta matata, sannan a fesa shi kan boris da giya ta wasu ƙananan kafofi. Wasu famfunan kuma suna kwashe shi daga ɗakunan boris su mayar da shi tanki, a hanya ya bi ta na'urar sanyaya mai, inda sau da yawa kananzir mai sanyi ke karɓe zafinsa. Dukkan famfunan nan suna jikin akwatin giya da ke samun juyi daga sandar inji mai sauri.

Aikin man bai tsaya ga sa santsi ba. Shi ne ke kwashe zafi daga boris, musamman waɗanda ke kusa da wurin ƙona kananzir. Saboda haka ba man mota ake zubawa ba, wani mai ne da ake haɗawa a masana'anta domin jure zafi, irin su Mobil Jet Oil II da Eastman Turbo Oil 2380, waɗanda suka cika ƙa'idar sojan Amurka mai lamba MIL-PRF-23699.

Komawar zafi da ƙonewar mai

Idan aka kashe inji, sanduna suna rage gudu a hankali har su tsaya, ƙarfin feshin mai yana raguwa tare da su, iskar da ke sanyaya cikin inji ita ma ta yanke. Amma farfelun baya da gangar jikin inji sun riga sun tara zafi mai yawa, kuma ba shi da hanyar fita sai ta cikin ƙarfe. Sai ya ratsa zuwa ɗakunan boris da bututun mai. Wannan ya sa wasu sassan kan fi zafi bayan an kashe inji fiye da lokacin da yake aiki.

Ɗan man da ya rage a waɗannan wurare ba ya motsi, don haka yakan dahu ya ƙone, ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wannan gawayin mai yana taruwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka kashe inji da zafinsa. Yana iya rage faɗin kafofin fesa mai, ya toshe bututun da ke kwashe mai ko na fitar da iska, ko kuma ɓarɓashinsa ya cika matata. Boris ɗin da mai bai ishe shi ba yakan yi zafi ya lalace, man da ya rasa hanyar komawa tanki kuma yana iya tsallake matosai ya kama da wuta.

Zafin da ke biyo bayan kashe inji ba shi kaɗai ke haifar da gawayin mai ba, irin man da tsarin injin ma suna da hannu. Amma illarsa ɗaya ce. A watan Oktoban 2003, injin Rolls-Royce Trent 700 na wani jirgin Airbus A330 na kamfanin Edelweiss Air ya fashe jim kaɗan bayan tashinsa daga birnin Miami na Amurka. Jirgin ya koma ya sauka lafiya, binciken hukumar NTSB kuma ya danganta lamarin da gawayin mai da ya taru a bututun fitar da iska na ɗakin boris.

Barin inji ya huce kafin a kashe shi

Babban maganin wannan matsala shi ne barin inji a silo na ɗan lokaci kafin a kashe shi. A wannan hali wutar ciki ta ragu, amma mai da iska suna ci gaba da zagayawa suna kwashe zafin da ya taru. A jiragen fasinja da dama, ciki har da masu injin CFM56, ƙa'idar ita ce minti 3 bayan sauka, kuma tafiyar da jirgi ke yi a hankali daga titin sauka zuwa wurin tsayawa tana shiga cikin lissafi. Jirage masu saukar ungulu irin Bell 206 ana barin injinsu a silo na minti 2. Ƙaramin injin da ke wutsiyar jirgi, wanda ke ba da lantarki da iska a ƙasa, yakan yi wannan da kansa: a Boeing 737 na zamani yana ci gaba da juyawa na daƙiƙa 60 bayan an murɗa makunninsa.

Ana keɓe halin gaggawa daga wannan ƙa'ida. Idan gobara ta tashi ko ana buƙatar fitar da fasinjoji cikin sauri, nan take ake kashe inji.

Lanƙwashewar sanda

Bayan inji ya tsaya, iska mai zafi tana taruwa a samansa, ƙasansa kuma ya riga hucewa. Bambancin zafin yana sa sanda ta ɗan lanƙwashe. Idan aka tayar da injin a haka, yakan yi girgiza, bakin farfelu ya goge jikin inji, boris kuma ya sha wahala. Maganinsa shi ne a fara juya injin da na'urar tayarwa ba tare da kananzir ba har zafin ya daidaita.

Matsalar ta fito fili a kan injin PW1100G na kamfanin Pratt & Whitney da aka ɗora wa Airbus A320neo, wanda da farko yake ɗaukar mintuna da yawa kafin ya tashi. Kamfanin Qatar Airways, wanda aka tsara shi zai fara karɓar jirgin, ya ƙi karɓa, sai Lufthansa ta Jamus ta karɓi na farko a watan Janairun 2016. Daga baya an yi wa injin gyare-gyare a wurin boris da kuma manhajar da ke sarrafa shi.

Auna mai bayan kashe inji

Yawan man da ake gani a tanki yana canzawa da lokaci. Idan inji yana aiki, wani kaso na man yana cikin bututu da ɗakunan boris. Idan kuma ya daɗe a kashe, man yana iya tsiyaya daga tanki zuwa akwatin giya, sai tanki ya nuna kamar mai ya ragu alhali yana nan. Saboda haka masu ƙera inji ke ƙayyade lokacin aunawa. A wasu nau'o'in CFM56 ana aunawa ne tsakanin minti 5 zuwa 60 bayan kashewa. Jiran mintunan farko yana ba iskar da ke matse a tanki damar fita, domin buɗe murfi da wuri na iya sa mai mai zafi ya fantsamo wa ma'aikaci. Idan lokacin ya wuce, akan juya injin ko a tayar da shi domin man ya koma tanki kafin a auna. Wanda ya ƙara mai ba tare da yin haka ba yana iya cika shi fiye da ƙima.

A wannan lokaci ne kuma ake rubuta yawan man da aka ƙara, domin ƙaruwar shan mai alama ce ta yoyo. Ana kuma duba wasu matosai masu maganaɗisu da ke kama ɓarɓashin ƙarfe, wanda ke nuna boris ko giya sun fara cinyewa.

Tsofaffin injina masu fistin da aka jera a da'ira, irin na jirgin Douglas DC-3, suna da tasu matsalar. Bayan an kashe su, mai yakan tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa. Da yake mai ba ya matsuwa, tayar da inji a haka na iya lanƙwasa sandar fistin. Don haka ake juya farfela a hankali kafin tayarwa, idan ta cije sai a kwance fulogi a tsiyaye man.

Kashe inji a sararin sama

Injin da aka kashe a sama ba ya tsayawa cak, iska tana ci gaba da juya farfelunsa, amma famfunan mai ba sa samun isasshen gudu. Shi ya sa kundin gyara ke tanadin binciken da za a yi gwargwadon tsawon lokacin da inji ya yi a haka. Injina masu giya a bayan babbar farfelar gaba, kamar dangin PW1000G, an yi musu ƙarin hanyar ba da mai saboda irin wannan hali.

Idan ƙarfin mai ya faɗi, ƙa'ida ta tanadi a rage wa inji wuta ko a kashe shi kafin boris ya ƙone. Ranar 5 ga Mayu, 1983, jirgin Eastern Air Lines mai lamba 855, ƙirar Lockheed L-1011 mai inji uku, ya tashi daga Miami zuwa Nassau ɗauke da mutum 172. Fitilar gargaɗin mai ta inji na 2 ta kama, matuƙan suka kashe shi suka juya zuwa Miami. A hanya injina na 3 da na 1 suka mutu saboda rashin mai. Jirgin ya yi ta gangarowa a kan teku daga ƙafa 13,000 zuwa kusan 4,000 kafin su samu inji na 2 ya sake tashi, da shi kaɗai suka sauka ba wanda ya ji rauni. Injin da aka kashe da wuri shi ne kaɗai ya iya sake tashi. Bincike ya gano cewa an ɗaura matosai masu maganaɗisu na injinan uku ba tare da zoben robar da ke hana yoyo ba.

Ajiye inji na dogon lokaci

Idan jirgi zai yi makonni ko watanni ba ya tashi, man da ke jikin boris yana tsiyayewa, danshi kuma ya kawo tsatsa. A irin wannan hali akan riƙa tayar da inji lokaci-lokaci domin mai ya zagaya, ko a zuba sinadarin hana tsatsa a cikin man, a rufe bakin inji da bayansa, a sa buhunan sinadarin tsotse danshi. An yi wannan aiki a kan dubban jirage a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da zirga-zirgar jiragen sama.