Idan Injin Kwalekwale Ya Fara Shaƙewa a Tsakiyar Ruwa

Daga Yawuri da Warra a bakin tafkin Kainji har Doron Baga a tafkin Chadi, injin Yamaha da ake ɗaurawa a bayan jirgi shi ne ƙafar masunta da masu fito. Mota in ta mutu ana gangarawa gefen titi. Jirgi kuwa in injinsa ya mutu, igiyar ruwa ce ke tafiya da shi, da mutanen ciki da kayansu.

Famfon man injinan nan masu shan fetur gauraye da mai ba ya aiki da lantarki. Wata siririyar fatar roba ce a cikinsa, iskar da fistin ke turawa da zuƙewa take kaɗa ta, ita kuma ta jawo fetur daga tanki zuwa kafireta. Shi ya sa matuƙi zai iya gane ciwon famfon da hannunsa. Idan ya ba da wuta inji ya fara shaƙewa, sai ya riƙa matsa ƙwallon robar nan da ke kan tiyon fetur. In injin ya farfaɗo, ya sake mutuwa da zarar an daina matsawa, to ko famfo ya gaji, ko iska na shiga ta wata mahaɗa. In kuwa ƙwallon ya motse ya ƙi komowa, toshiyar tana ɓangaren tanki, kuma sau da yawa ƙaramar kafar iska ta murfin tankin ce aka manta ba a buɗe ba.

Fatar da ta huje tana da nata alamun: fetur na tsiyaya cikin inji, hayaƙi ya yi yawa, filogi ɗaya ya fito baƙi kuma jiƙe, ɗan'uwansa na nan lafiya.

Abin da ke damuna shi ne saurin ɗora wa famfo laifi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ɗin jarka ya yi tsada, ga ruwa ga datti. A zuba kaɗan a kwalba mai haske a bar shi ya kwanta, ruwan zai taru a ƙasa kowa na gani. Wannan ruwan ne ke cika kofin matacin fetur, kuma sabon famfo ba zai magance shi ba.

Wanda zai yi tafiyar nesa ya ajiye fatar famfo ta safaya a leda, da filogi, da sukundireba, ya kuma riƙe filafili biyu a jirgi.