Wasan Neman Ɓoyo A Baƙon Gari

'Yar'uwa, in Allah ya kai ki baƙon gari, kada ki wuni a ɗaki don tsoron ɓata. Ga wata dabarar ganin gari.

Akwai wasan neman ɓoyo da aka fara a Amurka cikin shekarar 2000. Wani zai ɓoye ɗan gwangwani da takarda a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet, wayarki kuwa ta yi miki jagora. In kin samu, ki rubuta suna da kwanan wata, ki mayar yadda kika tarar. In kin ɗauki wani abu a ciki, ki ajiye kwatankwacinsa.

Mu ɗauki misalin Landan. Da hantsi ki fara daga gadar Tawa, wadda aka buɗe a 1894, mai ɗagewa a tsakiya don jiragen ruwa su wuce. In wayar ta nuna kin iso, ki leƙa ƙarƙashin benci da bayan shinge, gama masu ɓoyon sukan zaɓi wurin da ya cancanci kallo. Bayan azahar ki shiga jirgin ruwa zuwa Girinic. Can ne layin da aka amince a 1884 a riƙa auna gabas da yamma daga gare shi, watau tushen lambobin nan. Abin mamaki, sifirin wayar yana wajen mita 100 gabas da layin.

Amma fa ki tafi da 'yar rakiya, kada ki tona ƙasa, ki koma masauki kafin magariba. In hanya ta rikice miki, ki tambaya, matambayi ba ya ɓata.