Takobin Japan: Ƙarfe Ake Tambaya Kafin A Duba Sunan Maƙeri

A cikin watan Disamba na shekarar 1945, wata huɗu bayan Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, Tokugawa Iemasa, magajin gidan da ya riƙe mulkin ƙasar fiye da shekara 250, ya kai waɗansu takubban gidansu ofishin 'yan sanda na Mejiro a birnin Tokiyo. Ya yi haka ne domin bin umurnin sojojin mamaya na Amurka, waɗanda suka ce kowa ya kawo makamin da ke hannunsa. A cikin takubban nan akwai wanda ake kira Honjo Masamune, gadon sarakunan yaƙi na gidan Tokugawa, wanda gwamnati ta sanya cikin jerin dukiyar ƙasa a shekarar 1939. A watan Janairu na 1946 'yan sandan suka miƙa shi ga wani sojan mamaya, tun daga ran nan kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Takubba masu ɗimbin yawa sun salwanta a wannan lokaci. An narkar da waɗansu, an zuba waɗansu cikin teku, waɗansu kuma sojoji suka tafi da su gida a matsayin tsarabar yaƙi. Sojojin Nijeriya na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama sun san irin waɗannan takubba, gama hafsoshin Japan da su suke shiga fagen fama. Wannan warwatsuwa ce ta yaɗa sha'awar tara takubban Japan a Amurka da Turai, ta kuma bar wa masu tarawa tambaya guda: yaya za a rarrabe takobi mai shekara 700 da wanda aka buga a masana'anta jiya-jiya?

Yadda ake karanta ƙarfe

Japanawa sun daɗe da mayar da wannan tambaya ilmi mai zaman kansa, wanda suke kira kantei. Gidan Hon'ami, masu wasa takubba da kimanta su, sun yi wa masu mulki wannan aiki ƙarni bayan ƙarni, kuma su ne suka tsara littafin shahararrun takubba a shekarar 1719 bisa umurnin Tokugawa Yoshimune. Har yau masu sha'awar abin sukan taru, a ajiye musu takobi an rufe wurin da sunan maƙeri yake, kowa ya ɗauka ya duba, ya rubuta sunan wanda yake zaton ya ƙera shi. Manufar ita ce ido ya saba da tambayar ƙarfe kafin ya dogara ga rubutu.

Abu na farko da masani yake dubawa shi ne siffa, watau tsawo da faɗi da wurin da lanƙwasa ta fi ƙarfi. Siffa ce take faɗin zamani. Takubban mahaya dawaki na ƙarni na 12 da na 13 dogaye ne, lanƙwasarsu tana kusa da ƙota. Na tsakiyar ƙarni na 14 faffaɗa ne masu dogon tsini, na tsakiyar ƙarni na 17 kuwa kusan miƙaƙƙu ne. Masana sun kasa takubba bisa zamani: Koto, watau tsofaffi, su ne na kafin 1596, sai Shinto daga nan zuwa wajen 1780, sai Shinshinto har zuwa 1876, shekarar da gwamnati ta hana mutane yawo da takobi a ɗamara.

Na biyu shi ne fatar ƙarfen. Maƙeran Japan suna samun ƙarfensu daga baƙin yashi mai tama, wanda ake narkawa da gawayi a murhun yumɓu kwana uku ba dare ba rana. Maƙeri yakan buga ƙarfen ya ninka, ya sake bugawa ya ninka, wajen sau 10 zuwa 15. Ninki 15 kuwa yana ba da falle fiye da 32,000. Idan aka wasa takobin sai waɗannan falle su fito kamar zanen jikin katako, kuma kowace nahiya da irin nata. Manyan gidajen ƙira na zamanin da guda biyar ne, watau Yamashiro da Yamato da Bizen da Soshu da Mino, gwani kuwa yakan gane su kamar yadda ake gane garin mutum daga harshensa.

Na uku shi ne hamon, wani farin zane mai bin bakin kaifi daga gindi har tsini. Kafin a tsoma takobi mai zafi cikin ruwa, maƙeri yakan shafe jikinsa da yumɓu mai kauri, ya bar bakin da ɗan kaɗan, domin baki ya yi tauri, baya kuma ya kasance mai jure duka. Iyakar da ke tsakanin sassan biyu ita ce hamon. Wani miƙaƙƙe ne, wani kamar igiyar ruwa, wani kamar jerin kanumfari, wanda maƙeran Bizen suka yi suna a kansa. A nan ne hannun maƙeri ya fi bayyana, domin mai kwaikwayo yana iya satar siffa, amma da wuya ya saci yadda wuta da ruwa suka bi da ƙarfen wani.

Tsatsa mai daraja

Sai bayan an gama duk wannan ake zare ɗan turken gora da ke riƙe da ƙota, a fito da wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye a ciki, wadda ake kira nakago. A nan maƙeri yake sassaƙa sunansa, wani lokaci har da garinsu da shekara. Wannan sashe ba a taɓa wasa shi. Launin tsatsarsa, daga ja-ja zuwa baƙi ƙirin, shi ne shaidar shekarunsa, haka kuma sawun magagari da yawan hudar turke. Mutumin da ya sami takobi ya goge wannan tsatsa da samfefa domin sunan ya fito sarai, ya share shaidar da babu mai iya mayar da ita, ya kuma zubar da babban rabo na kuɗin takobin. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Sunan kansa kuma ba abin saurin gaskatawa ba ne. Tun ɗaruruwan shekaru ake sassaƙa sunayen manyan maƙera a kan takubban da ba nasu ba. Kotetsu, maƙerin birnin Edo na ƙarni na 17, an yi jabun sunansa har masu tarawa suka ɗauki al'adar zargin duk takobin da ke ɗauke da shi. A ɗaya gefen kuma, yawancin dogayen takubban da aka tabbatar na Masamune ne, mashahurin maƙerin Kamakura na wajen shekarar 1300, ba su da suna ko kaɗan, domin masu su na baya sun gajarta su daga gindi, sunan ya tafi tare da guntun da aka yanke.

Akwai kuma takubban soja da aka yi da yawa a shekarun yaƙi da ƙarfen masana'anta, aka tsoma su cikin mai maimakon ruwa. Akan gane da yawansu daga ɗan hatimin da aka buga a nakago, kuma darajarsu ta tarihin yaƙi ce kawai. Amma fa waɗansu hafsoshi tsohon takobin gidansu suka sanya cikin kuben soja suka tafi da shi, saboda haka kube da ƙota ba su isa hujja ba. Aibin da ya fi kashe daraja kuwa shi ne tsaga mai ratsa bakin kaifi, ko da ba ta fi silin gashi ba, sai kuma takobin da gobara ta ci aka sake tsoma shi.

Takardar shaida

A shekarar 1948 masana biyu, Honma Junji da Sato Kanzan, suka jagoranci kafa ƙungiyar kiyaye takubban fasaha ta Japan, wadda aka fi sani da NBTHK, domin nuna wa hukuma cewa waɗannan kayan tarihi ne da bai kamata a hallaka ba. Alƙalanta suna duba takobi su ba shi takarda bisa matakai huɗu: Hozon, da Tokubetsu Hozon, da Juyo, da Tokubetsu Juyo wanda shi ne ƙoli. Takobin da aka ga sunansa jabu ne ba ya samun takarda. Dokar Japan kuma ta wajabta a yi wa kowane takobi rajista, takardar rajistar tana bin sa duk inda ya tafi, amma ita ba ta tabbatar da ingancin suna.

Kuɗin da ke cikin harkar ba kaɗan ba ne. A shekarar 1992 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da tarin Dokta Walter Compton a birnin New York, aka sami kimanin dala miliyan 8 a yini guda. Amma abin da Japanawa suka fi tunawa da shi game da wannan Ba'amurke shi ne takobin maƙeri Kunimune, dukiyar ƙasa da ta ɓace daga wurin ibada na Terukuni a Kagoshima. Compton ya ci karo da shi a Amurka, ya gane ko mene ne, ya mayar da shi kyauta a shekarar 1963. Wanda ya san darajar goro, shi ke nema masa huhu.

Shawarar masana ga wanda irin wannan takobi ya faɗo hannunsa gajeruwa ce. Kada ya taɓa ƙarfen da hannu, gama gumi yana haifar da tsatsa. Ya shafa masa mai kaɗan, ya ajiye shi wuri busasshe, kada ya kai wa mai washin wuƙa. Wasa takobin Japan sana'a ce da akan yi wajen shekara goma ana koyo, kuma ƙarfen da dutse ya ci ba ya dawowa.

Honjo Masamune dai har yau ana cigiyarsa. Tsofaffin littattafai sun adana siffarsa da tsawonsa, kimanin santimita 65, kuma shi ma an gajarta shi, babu suna a jikinsa. Idan yana nan cikin akwatin wani gida, wanda zai gano shi sai mai idon da ya iya karanta ƙarfe, muddin dai samfefa ba ta riga shi isa wurin ba.