Wa ke riƙe da akalar Hukumar Lafiya ta Duniya?

A farkon 2007 ministar lafiya ta Indonesiya, Siti Fadilah Supari, ta daina aika samfurin ƙwayar murar tsuntsaye ta H5N1 zuwa ɗakunan binciken da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO. A lokacin babu ƙasar da cutar ta yi wa ɓarnar rayuka kamar Indonesiya. Hujjar ministar ita ce ƙasarta na ba da ƙwayar kyauta, kamfanonin ƙasashe masu hali su haɗa riga-kafi da ita, sannan su sa masa farashin da ya fi ƙarfin mai ƙwayar.

An yi mata ca, ana cewa ta jefa duniya cikin haɗari. Masu sukar suna da tasu gaskiyar, domin cuta ba ta san iyakar ƙasa ba. Sai dai WHO ba ta da sandar da za ta tilasta wa kowa. Zama aka yi ta yi har 2011, aka ƙulla tsarin da ya ɗora wa kamfanoni biyan gudummawa duk shekara da ware wani kaso na riga-kafi idan annobar mura ta ɓarke.

Wannan rashin ƙarfi ne masu kukan cewa hukumar za ta ƙwace 'yancin ƙasashe suke tsallakewa. Yarjejeniyar annoba da aka amince da ita a Mayun 2025 ta faɗa ƙarara cewa WHO ba ta da hurumin sa wata ƙasa kulle jama'a ko tilasta allura.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Shekara da shekaru, harajin dole da ƙasashe ke biya bai kai kashi 20 cikin ɗari na kasafin hukumar ba. Ragowar kyauta ce ta ganin dama, kuma akasarinta mai bayarwa ke faɗin inda za a kashe ta. Gidauniyar Gates, wadda ba ƙasa ba ce, tana sahun gaba a masu bayarwa, kuma kaso mai tsoka na kuɗinta yaƙi da shan-inna yake tafiya. Aikin alheri ne, kowa ya ga amfaninsa a Arewacin Najeriya. Amma ba ƙasashe 194 ne suka zauna suka auna shi da hawan jini ko mutuwar mata wajen haihuwa ba.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu kan ficewar Amurka, wadda a lokacin ta fi kowa ba da kuɗi. Hukumar ta zaftare kasafinta na 2026 da 2027 daga dala biliyan 5.3 zuwa 4.2. Sa hannun mutum ɗaya ya yi abin da babu wani ƙudurin babban taron hukumar da ya taɓa yi.

Ƙasashen Afirka ne suka fi jin jiki, kuma da hannunsu a ciki. A Abuja a 2001 shugabanninsu suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Najeriya, mai masaukin baƙi, ta daɗe tana kewaya kashi 5. Sai da tallafin Amurka ya tsaya a 2025 majalisa ta yi gaggawar ƙara dala miliyan 200 don cike giɓin, kuɗin da ya kamata a ce tun tuni suna cikin kasafi.